Ranar da Yaya Ilu Ya Ce Bai Sani Ba

A daminar da ta rage shekara biyu Faransawa su tattara nasu-ya-nasu, wata Laraba da hantsi, kamiyon Damagaram ya sauke Yaya Ilu a bakin kasuwar Magariya. Ɗan wan babana ne, shi kaɗai a danginmu da karatu ya kai babbar makarantar nan ta Dakar. Na fi kowa ɗokin zuwansa, domin a satin nan Baba ya rantse in hutun bakans ya ƙare ba zan koma karatu a lakwal ba, ina sa ran Yaya Ilu zai sauya masa ra'ayi. Ƙuduji ya addabi geronmu, Baba ya ce hannu yake nema a gona, ba mai zane a takarda ba. Ni kuwa ina son lakwal kamar raina, duk da bulalar mushe, malaminmu. Kullum sai na yo wa awaki ciyawa, na cika randa, sannan in zura da gudu da kayena na rubutu a hammata, don kada a fara langa, jerin layin safe, babu ni.

Washegari Baba ya ja shi gona, muna biye, har da kakarmu Iya Tabawa tana dogara sanda. A hanya Yaya Ilu ya yi ta ba mu labarin makarantar: ga sashen likitanci, ga na shari'a, ga masu nazarin tsirrai da ƙasa, ga na harsuna da tarihi. Ya ce ta gwamnati ce, ɗan talaka ma yana shiga in kansa ya ja. Muna isa Baba ya tuge ƙuduji ɗaya, ya danƙa masa a hannu, ya ce, "To malam, mene ne maganin wannan?" Yaya Ilu ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Wallahi ban sani ba, Baffa." Kai! Baba ya dube ni yana dariya, na san tawa ta ƙare.

Yaya Ilu ko a jikinsa. Ya ce malamansu ma ba su gama sani ba; a lakwal ana koyar da abin da aka riga aka sani, can kuwa aikinsu neman abin da ba a sani ba tukuna. Yana cikin magana idonsa ya kai kan gayaunar Iya da ke gindin tsamiya, geron ya yi shar, ƙudujin bai fi a ƙirga ba. Ya tambaye ta sirrin. "Ji mijin banza," in ji ta, "ka je har bakin teku ba ka riƙo mini ko goro ba, sai tambaya!" Sai kawai ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da farin wandonsa, ya zaro kaye. Ta ce ƙuduji baƙon gajiyayyar ƙasa ne. Da rani takan roƙi Fulani su kwantar mata da shanu a wurin, bana gero, baɗi gyaɗa da wake, kuma takan tuge shi ta ƙone kafin ya yi fure. Yana rubutawa yana sake tambaya, har rana ta take. Baba ya sha jin wannan daga bakinta, bai taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ranar ya tsaya yana kallon maganar tsohuwarsa tana shiga takarda.

A hanyar gida Baba ya rage tafiya har na cim masa. Bai kalle ni ba, ya ce, "Sa'idu, ran da za a koma, ka gama da awakin da wuri." Na yi ta tsalle har na taka ƙaya ban ji ba.

Ni ban kai Dakar ba, a malamin gona na tsaya. Yanzu ga jami'a nan kusa a Damagaram, jikata Hadiza tana karatun noma a can. Ƙuduji yana nan a gonakinmu, in na tsokane ta sai ta ce har yanzu ana bincike. Yaran yau ka tambaye su, su latsa waya su ba ka amsa nan take, ba mai son a ji bai sani ba. Iya da Baba da Yaya Ilu duk sun riga mu gidan gaskiya, tsamiyar ma an sare. Nakan yi kewar farin wandon nan da ya sha laka. Allah ya jiƙan wanda bai ji kunyar cewa bai sani ba, shi ya mayar da ni lakwal.