Lado Wanzami da Tafkin Bayan Duwatsu

Duk wanda ya yi wayo a Birchi kafin a samu 'yancin kai ya san Lado wanzami. Gajere ne, mai farar riga tas, wanda ya gaji aska wurin ubansa. Ran kasuwar Kurfi ko ta Dutsin-Ma ba a rasa shi gindin tsamiya da zabirarsa. Ƙyanƙyami gare shi na fitar hankali: ƙuda ya faɗa masa a koko, to kaji sun samu.

Wata damina, ana tsakiyar marka, Manu ya yi masa sallama. Bafulatani ne da Lado ke yi wa aski tun yana saurayi. Matarsa ta haihu, gobe suna, ga shi sun kai shanu mashekari bakin wani tafki bayan duwatsu, gudun ɓarna a gonakin mutane.

"Baba Lado, ba nisa," in ji Manu. "Nan ne kusa."

Lado ya manta cewa in Bafulatani ya ce kusa, tafiyar yini ce. Suna barin gonaki hanya ta zama rafi. Taɓo ya haɗiye masa takalmi ɗaya, ya laluba har gwiwar hannu bai samu ba, ya yi jifa da ɗayan don haushi. Suka tarar da ƙorama ta kawo, ya ɗora zabira a ka ya shiga, ruwa iya ƙirji, ja wur, yana ɗauke da kashin awaki da abin da bai so ya tantance ba. A hawan dutse gansakuka ta kwashe shi, ya zauna daɓas cikin kashin shanu da ruwa ya dama.

Da ya naɗe wando sai ga matsattsaku sun jeru a ƙwaurinsa, sun sha sun yi ɓul-ɓul.

"Subhanallahi! Manu, cire mani waɗanga!"

Manu ya barbaɗa masu garin taba yana murmushi, suka zube.

Sai la'asar suka isa. Rugar kanta caɓi ce har idon sawu, ƙudaje kamar an yi shela. Gogo, tsohuwar Manu, ta tarbe shi da ƙwaryar fura. Yunwa da ƙishi suka rufe masa ido, ya shanye tas, sannan ya gangara tafki don ya wanke jiki ya yi alwala.

Wani wari ne ya fara tarbarsa. Can cikin ciyawar bakin ruwa mushen saniya ne ya kumbura, ƙafafu sama, ungulaye na bisa, wani maiƙo kore na yawo kan ruwan. Lado ya dawo da gudu.

"Gogo, da wane ruwa kika dama furar nan?"

"Na tafki mana, Malam. Ai ta wancan gefen muke ɗiba."

Bai kai bayan bukka ba ya amayar da ita duka.

Duk da haka aiki bai fasa ba. Da safe ya tari ruwan sama a ƙoƙo, ya yi wa jariri aski, ya cire masa beli. Ya ci gasasshen naman suna kaɗai, ya kamo hanya babu takalmi.

Da damina ta zagayo kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu, tsarabar ruwan tafkin nan. Ya kwanta har kaka yana naɗe farar tsutsar a tsinke, yana kau da kai yana tofar da yawu. Maƙwabta suka yi masa gayyar noma. Manu ya zo dubiya da man shanu.

"Na gode," in ji Lado. "Amma in ta sake haihuwa da damina, ku goyo ɗan ku kawo mani."

Haka kuwa aka yi. Sauran 'ya'yan Manu a zauren Lado aka yi masu askin suna. Shi kuma ya ci gaba da bin kasuwanni yana ɗan ɗingishi, har ganinsa ya raunana ya miƙa zabira ga ɗansa Ilu.