Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

A ƙauyenmu Kwaya, idan aka gama tuwon magariba, murhun Iya muke zagayewa. Iya ce ta haifi babana, kuma sunan marigayi mijinta aka raɗa mini, Isufu. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, don macen zamaninsu ba ta ambaton sunan miji, ko da ƙasa ta rufe shi. Angona take ce mini. "Angona, miji ba cefane, matso da ƙafar nan kada ta gasu." Sai ta tura karan hatsi a wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Akwai tatsuniya guda da ta fi ba ni tsoro. Wata mata ce ta je itace, ta rufta tsohuwar rijiya a bakin gona. Tana ciki ta jiyo mijinta zai wuce bisa jaki, yana 'yar waƙarsa. Ta yi ta kira, "Kai wannan! Kai mai jaki!" Rijiya ta sauya mata murya, shi kuwa ya ce aljani ne, ya zabga wa jaki kara ya yi gaba.

Nan muke rikicewa, mu yi ta ihu, "Iya, ta faɗi sunansa mana!"

"A'uzubillahi! Da wane bakin?" in ji Iya.

Da ya isa gida bai ga hayaƙi ba, ya taɓa murhu ya ji sanyi ƙalau. Sai ya gane matarsa ce ke kiransa daga rijiyar, ya suri igiyar guga ya koma a guje ya ciro ta. Ni dai ko an ƙare, zuciyata tana can cikin rijiyar.

Na girma na zama ma'aikacin jinya a Magariya. Babana ya rasu, tansiyo, wato hawan jini, ya kama Iya, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta ba. Kullum cikin fargaba nake. Bara aka kawo mana wasu 'yan akwatuna na gwaji don tsofaffi, masu jin magana su ba da amsa. Akwatin kan tuna wa mutum lokacin magani, in kuma ya ce a kira wane, sai ya buga masa waya. Na ɗauki ɗaya bisa moto, wato babur, na haɗa shi da faifan wutar hasken rana, na ajiye kusa da gadonta.

Da hannuna na sa sunana a ciki. Na ce, "Iya, in kin ji jiri, ki ce masa kawai ya kira Isufu." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Angona." Wallahi ban lura ba. Ni da na tashi a cinyarta! Na hau moto ina ta yaba wa kaina.

Wata Laraba da hantsi jini ya bugi Iya, ta faɗi tsakanin gado da randa. Sai la'asar maƙwabciyarta Mariyama ta dawo daga roron gujiya, ta ga ba hayaƙi a gidan, awaki kuma na ta kuka a turke. Ita ta tura ƙyaure. A amalanke maƙwabta suka fito da ita zuwa bakin hanya.

Kwana uku kafin harshenta ya saki. Na durƙusa a gefen gadon asibiti, haushi da tsoro sun cika ni, na ce, "Haba Iya, ga akwati a kanki, me ya hana ki kira ni?"

Ta dube ni da idon da ya rage yana motsi sosai. "Na kira ka, Angona. Na yi ta cewa ya kira mini Angona har muryata ta dushe. Abin naka ya ce bai san ka ba."

Na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro.

Hannunta na hagu bai dawo ba. Na canza sunan a akwatin, yanzu Angona yake amsawa, yana kuma tuna mata ƙwayoyinta ba fashi. Amma hankalina bai kwanta ba. Ina yaro na ɗauka matar rijiya ce mai wauta. Sai yanzu na gane Iya ba a kan matar take ba mu labari ba, a kan mutumin da ya san lokacin da ya kamata hayaƙin gidansa ya tashi ne.

Shi ya sa kowace safiya, kafin in sa farar rigata, Mariyama nake fara kira. Ko gaisuwa ba ma ƙarasawa nake tambayarta, "Inna Mariyama, akwai hayaƙi?" Kuma har ta leƙa ta dawo, ba na iya numfashi.