Ƙashin Jaki a Wuyana

Da asubar fari muka bar Zinder, ni da wani gardi, wato ɗan sandan Turawa, muka bi ayarin fataken Kano da suka nufi gabas. Darakta, Baturen da ke koya mana aikin malanta, shi ya tura ni Gidimuni in riƙe aji ni kaɗai, karo na farko. Ya ce in ya zo ya tarar yara sun watse, to in koma ɗaukar masa jaka. Guzurin da ya ba ni kuwa ƙashin jaki ne a zare, wanda ake rataya wa duk yaron da ya yi Hausa a lakwal, wato makarantar boko. Wai baƙar fata ba ya iya riƙe aji sai da shi. Maganar ta ƙona mini rai, amma na karɓa.

A Mirya muka huta ƙarƙashin kuka. Gardi ya shanye furar mutane bai biya ba, har da neman ƙari. Daga nan rairayi ya gasa mana ƙafa, sai da muka hango tafkin Gidimuni muka samu sa'ida. Ga dabino, ga rake arha kamar kyauta.

Lakwal ɗin rumfar zana ce, yaran kuma kamo su aka yi daga gonakin gero. Na tsaya gabansu, na yi ta zuba Faransanci. Tsit kake ji, idonsu na kan ƙashin. Kashegari rabinsu ba su dawo ba.

Na ce a raina, a kore ni mana! Na rataya ƙashin a wuyana na ce, "Ƙannena, ina kwananku?" Suka bushe da dariya. Muka shiga lissafi da ƙwallon dabino, da Hausa, sannan in faɗa musu da Faransanci. Kafin kasuwa ta zagayo, waɗanda suka gudu sun dawo, har da rakiyar ƙannensu.

Ana cikin haka Darakta ya diro a kan doki, fuska ja wur.

"Wa ke Hausa a nan?"

"Ni ne, mushe," na ce, don haka muke kiran Bature da Faransanci. "Ga shi na hukunta kaina."

Ya dubi wuyana, ya dubi rumfa cike maƙil. Ya juya dokinsa ya tafi.

Na komo Zinder da buhun dabino da aikina. Ku da ke bayanmu a horo, ku dai yi wa yara maganar da suke ji. Ƙashin yana nan rataye a ɗakina, kuma ban da nawa, ba zai sake taɓa wuyan kowa ba.