Malam Chamsou da Lasifikar Aro

Kullum da sassafe Malam Chamsou yakan buɗe ɗakin kwamfuta na kwalejinmu a unguwar Glass, ya gwada kowace waya kafin ɗalibai su zauna darasin bidiyo da malaman Dakar. Watan nan zai ajiye aiki, kunne ya yi nauyi. Yaran suna ce masa tsoho mai waya. Ba su san abin da waya ta ci masa ba, kuma abin yana ƙona min rai.

Shekarar da aka karya darajar sefa, tallafin fita karatu waje ya mutu murus. Mu da muka riga muka yi sallama da dangi sai muka kwance jaka. Lokacin Chamsou, mutumin Maraɗi da ya zo ƙasarmu neman abinci, yana da ɗan shagon buga tarho. Sai ya riƙa aro lasifikar masallaci bayan azahar, ya jona da tarhon, mu cika shagon muna sauraron malami daga Dakar. Da ladan ya leƙo don la'asar, darasi ya ƙare, ko farfesa na tsakiyar magana.

Ana haka aka fara kamen baƙi. Katin zaman Chamsou ya ƙare, 'yan garinsu duk sun ɓuya. Ga Rabi'a, 'yar ajinmu, za ta yi jarabawar baki ta ƙarshe ta tarhon nan. In ta rasa jarabawar, karatun ya tashi a banza.

Ta ce, "Kawu, don Allah kada ka fito."

Ya ce, "Wayar ga sai an matse ta da hannu, ɗiyata. Wa za ya riƙe?"

Ƙarar lasifikar ce ta jawo masu kame. Ina wurin. Ya ɗaga musu hannu ɗaya, ɗayan na kan waya: "Haƙuri, patron, yarinya na amsawa." Suka jira ta gama, suka tafi da shi tashar jirgin ruwa ta Port Môle don a mayar da shi ƙasarsu. Aka wawushe shagon. Matarsa Ma'u ta rasu kafin ya samu dawowa.

Kai ne, Malam, ka kai mu ƙasar waje muna zaune a kan benci, kai kuma aka kai ka da ƙarfi. Mun gode, Allah ya saka maka. Mai abin yi wa yaran nan, ya yi kamar kai, kada ya jira lokaci ya yi daɗi.

Ban manta ba: muka bi ka tashar, ana tura ka cikin jirgi ka waiwayo, ka ɗaga murya, "Ta ci?"

Ta ci, Malam. Ita ce yau ke koyar da yaran daga Dakar.