Mai Sharar Filin Kuwau

Jamaris matsoraci ne, kuma bai taɓa musun haka ba. Tun yana yaro a Koto Baruah, ko kwakwa ce ta faɗo a bayansa sai ya yi salati. Ya girma yana ɓare ɓawon kirfa a gefen dutse, ya auri Rabaini, ya tare a gidan uwarta kamar kowane namiji a ƙasarsu. Abu ɗaya ya raba shi da mutane: shekara goma sha ɗaya ke nan kullum safiya yana hawa dutse da tsintsiya. Mutane na cewa ya taɓu. Lafiyarsa ƙalau, tsoro ne kawai ke kora shi sama.

Can ƙarƙashin manyan itatuwa akwai wani fili da bai wuce faɗin ɗaki ba, filin wani tsuntsu da ake kira kuwau rajo. Kukan tsuntsun ne ya zama sunansa, kuwau, rajo kuma na nufin sarki. Jelarsa ta kusa tsawon mutum, fukafukansa cike da zane kamar idanu. Namijin kan share fili tas don ya yi wa mace rawa, ko ganye ɗaya ba ya bari. Tsofaffi sun ce idan ƙasa za ta girgiza shi ke fara sani, sai ya yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa, mutane su kwashi yara su bar gindin dutse. Gidan su Rabaini kuwa shi ne na farko a gindin dutsen.

Shekarar da rufinsu ya fara yoyo, wani ɗan birni ya zo neman gashin kuwau da kuɗi masu kauri. Tamsir, yayan Rabaini, mutum mai bakin tsiya, ya ce a gaban jama'a ai mijin ƙanwarsa ya san filin, sai dai ko kaza ba ya iya yankawa. Maganar ta yi wa Jamaris zafi. Sai ya yi dabarar da ya ji a bakin kakansa: ya fere tsinken gora har ya yi kaifin aska, ya kafa shi a tsakiyar filin. Kuwau ba ya iya ganin ƙazanta a filinsa ya ƙyale. Zai ja da baki, in ta ƙi fita ya naɗe wuyansa a jikinta ya fizga, kaifin ya yanke shi.

Washegari ya tarar da shi kwance, fukafukai a buɗe, idanun nan duka suna kallonsa. Ya sayar da gashin, ya sayo kwanon rufi, ya ce kuɗin kirfa ne. Bayan wata huɗu ƙasa ta girgiza da hantsi, babu kukan da ya gargaɗi kowa. Gefen dutsen ya zaftaro ya binne rumbun shinkafa da ɓaunan noma biyu, ya tsaya taku goma daga inda 'yarsa Nilam ke shanya kirfa.

Tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi ba. Ko babbar mota ce ta wuce sai ya zabura. Da ya tambayi malamin makaranta kuma, sai ya ƙara masa wuta, ya ce Turawa sun sa wa tsuntsun sunan wani ƙato mai ido ɗari, wanda ko yana barci wasu idanun na gadi. Jamaris ya yi da-na-sanin tambaya. Ya dai sa a ransa cewa idan ciyawa ba ta cinye filin ba, wata rana wani kuwau zai zo ya gaje shi. Abin da ya haɗa shi da tsintsiya ke nan.

"Sarkin shara, a gaida fadawa," in ji Tamsir duk sanda suka haɗu. Jamaris sai ya wuce da tsintsiyarsa.

Bana, bayan ruwa ya ɗauke, ya hau kamar kullum ya tarar an riga shi. Filin fes, ga sawun ƙafa, ga ɗan gashi mai ido ɗaya a gefe. Daga cikin duhuwa kuma ya ji kukan, kusa ƙwarai. Ya zauna hawaye na zuba don murna, yana tuna jikokinsa biyu da Nilam ke goyo a gidan nan na gindin dutse.

Yana share ido sai ya ga tsinken gora tsaye a tsakiyar filin, sabon feri. Bai san wanda ya kafa ba, amma ya san yadda mutumin ya zo: sawunsa na shekara goma sha ɗaya ya fitar da hanyar da ko makaho zai bi. Ya cafki tsinken da hannu ya fizge, gora ta tsaga masa tafi. Ya kankare ƙasar da jini ya ɓata, ya share, ya koma bayan wani kututture ya zauna. Yana tsoron dajin, amma ya fi tsoron sauka.

Da azahar Rabaini ta biyo sawu da shinkafa a ganyen ayaba. Ta ga hannun, ta ga tsinken. Ya ce, "Maman Nilam, kuwau na farko, ni na kashe shi."

Ta yagi gefen zanenta tana ɗaure masa hannu. "Na sani tun ranar da aka sauke kwanon nan a ƙofar gida. Yaushe kirfa ta taɓa yin rufi?" Ta tura masa abincin. "Ci ka sauka a duba hannun, Baban Nilam. Ni zan zauna har ka dawo."