Mutumin da Ya Hana Kwamfuta Barci

Ke Bilqis, bar taɓa wannan kwamfutar taki ta yi barcinta. Kakanku ya hana wata barci shekara da shekaru, har ya rasu yana ganin da alhakinta a kansa.

Ni dai ba na kiran sunansa, kun sani, shi ne takwaran Badaru ƙaninki. Masinja ne. Daga Kaduna aka taso da ofishinsu zuwa Abuja, muka biyo kaya. Cikin gari ba na talaka ba ne, sai muka sauka Masaka, ciki da falo. Kullum da sassafe ya bi motar Nyanya, ya sha goslo, cunkoson motoci, ya isa ofis ya kai fayil sama ya sauko da fayil ƙasa. Mutum ne mai barci, Allah ya jiƙan shi. A tsaye ma yana yi. An taɓa wucewa da shi har Wuse a cikin mota, kwandasta ya ɗauka buhu ne.

To da soja suka tafi farar hula suka zo, kuɗi suka shigo gari, sai aka raba wa manya kwamfuta. Ba irin taku ta cinya ba, mai ƙaton ƙeya, kamar talabijin. Ogansu ya samu ɗaya. Shi Oga ba ya taɓa ta. So yake dai in baƙo ya shigo ya ga fuskarta da haske, a san ana aiki.

Sakatariyarsa, wata Lucy, ita ta sa mata lambar sirri. Lucy ta yi aure ta bi miji Fatakwal, ta tafi da lambar a kanta. Da safe in an kunna, kwamfutar tana buɗe kanta ba ta tambayi kowa komai ba. Amma in aka bar ta ba a taɓa ba, sai ta yi barci, fuska ta yi baƙi. In ka tashe ta, sai ta ce kawo lamba. Babu lamba. Dole a kashe ta daga bango a sake kunnawa, kuma kafin ta dawo hayyacinta ka dafa shayi ka sha ka wanke kofi.

Wata rana manyan baƙi suka shigo suka tarar da ita baƙi ƙirin. Ɗaya ya ce, "Oga, taka ma ado ce?" Oga ya ji zafin maganar. Suna fita ya kira kakanku, ya nuna masa wannan abin da ake murzawa a kan tebur, mawus. Ya ce, "Daga yau wannan ne aikinka. Ka riƙa motsa shi. In ta yi barci, kai ma ka tafi gida ka yi naka."

Aka ba mai barci gadin barci. Aka ajiye masa kujera a gefen tebur. Ya daina kai fayil. Goro ya koma ci kamar akuya.

Matsalar ita ce salla. Sai ya yi shiri da Andrew, direban Oga, wani mutumin Filato mai dariya da yawa. In an kira azahar Andrew ya karɓi mawus, ranar Juma'a kuwa ya daɗe a kai. Ladansa ƙosaina. Har ya san ranar da na rage barkono.

Shi Andrew ne ya kawo dabarar fanka. Ya ɗaura zare a jikin mawus, ya ɗaura a kan fanka mai waige-waige. Fanka ta waiga dama ta ja, ta waiga hagu ta saki. Abu ya yi kyau. Kakanku ya dawo masallaci ya gani, ya tsinke zaren ya cusa a aljihu.

Andrew ya ce, "Baba, ai na hutar da kai."

Ya ce, "Ka hutar da ni har gida. In Oga ya gani, fanka za ta karɓi albashina. Fanka tana da 'ya'ya?"

"Ba ta cin goro dai."

"Kai kuma ba ka cin ƙosai daga yau."

A gida ma hannun bai tsayawa. Ranar Asabar in ya kishingiɗa bayan azahar, hannun dama yana ta zagaye a kan tabarma. Sai na riƙa sa masa ludayi a ciki, na turo ƙwaryar fura kusa. Ba a taɓa dama fura irin tasa ba a Masaka. Har ya je wajen liman ya tambaya ko akwai zunubi a hana halitta barci. Liman ya ce tana cin abinci? Ya ce wuta take ci. Liman ya ce zai duba, bai sake tayar da maganar ba.

Sai aka shiga sallamar masinjoji, wai gwamnati za ta rage ma'aikata. Kakanku saura kaɗan ya kai ritaya, in aka sallame shi kafin nan, fansho ya lalace. Abin da ya riƙe shi kawai mawus ɗin nan. Kuma a daidai lokacin aka turo wata Madam Christina, mai gyaran kwamfutocin ma'aikatar, tana bin ofis-ofis.

Ranar da za ta zo bai iya karyawa ba, sai na ɗauki kwanon tuwo na bi shi da shi. Da idona na gani. Ta zauna ta danna nan ta danna can, ko zama ban gama gyarawa ba ta ce ta cire tambayar lamba. Ta ce, "Baba, ya ƙare. Yanzu ita zai yi barci, ka taɓa, ya tashi. Ba password." Hausarta ke nan, mace namiji duk ɗaya.

Ta ce bari a gwada. Muka zuba ido. Kwamfuta ta ƙi barci. Ta rage lokacin, ta ƙi. Ta leƙa bayanta, ta cire wata waya ta mayar, ta kashe ta kunna, muka jira shan shayi guda. Ido biyu. Ta fara gumi, ta ce ko ƙwayar cuta ce ta shige ta. Andrew na bakin ƙofa yana cije leɓe.

Ni ce na ce, "Madam, dubi gwiwarsa."

An raba hannunsa da mawus, aikin ya sauka ƙafa. Gwiwa tana bugun tebur a hankali, tebur yana girgiza, mawus yana motsi. Shi bai ma sani ba. Ta ja kujerarsa baya, na ɗora masa kwanon tuwo a cinya na ce ya riƙe da hannu biyu. Can sai fuskar kwamfutar ta dushe, ƙarar cikinta ta tsaya. Ofis ya yi tsit. Kakanku ya dube ta ya ce, "Allah sarki. Ashe a gajiye take."

Oga ya shigo ya ga baƙin gilashi, ya haɗe rai. Madam ta ce, "Sir, ka taɓa kawai." Ya dubi mawus ɗin, ya dube ta, ya ce, "Ni? A gaban baƙi in tsaya ina tashin inji?" Ta ce to za ta iya saita ta kada ta yi barci sam. Na ce a raina shi ke nan, aikin kakanku ya tafi. Amma Oga ya ce an aiko da takarda daga sama a rage shan wuta, shi ba zai zama na farkon saɓawa ba. Kwamfuta ta yi barcinta, amma a samu mai tashinta. Ya waiga ya ce kakanku ya san halinta, kada a kawo masa baƙon hannu.

Madam ta tambayi kakanku minti nawa za ta sa kafin barcin. Ya ce shi bai san minti ba. Ta ce to ya jingina ya rufe ido. Ta dubi agogonta har ya fara minshari, ta sa daidai haka.

Haka suka ƙarasa aikin gwamnati, shi da kwamfutar, suna barci tare. In Oga ya dawo da baƙi, Andrew ya danna hon daga get, kakanku ya farka, ya taɓa ta, ta farka. Ya yi ritaya da fanshonsa cif, da shi aka yi rufin ɗakin nan da kuke zaune. Furar ce dai ta lalace, don hannun ya daina yi, na koma damawa da kaina.