Funkason Basiniyar Bagdadiyya

Gidan da muka zauna a unguwar Bagdadiyya ta Jidda tsohon bene ne mai matakala ɗaya. Mu ne a ƙasa, ni da maigidana da 'yata guda. A sama kuma akwai wata tsohuwa Basiniya da ɗanta. Lokacin ba a jawo mana famfo ba, mai jaki ke kawo ruwa, kuma duk wadda ta fara jin muryarsa ita ke kiran ɗayar. Ta haka muka fara sabawa, ni da tsohuwar.

Ni a Jidda aka haife ni. Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya yi shekara bakwai a hanya kafin ya ga teku. Na ɗauka babu wanda ya kai shi nisan tafiya, sai da na san maƙwabciyata. Musulma ce kaka da kakanni, daga can arewacin ƙasar Sin, inda ta ce sanyi kan daskarar da ruwan alwala a cikin buta. Sun gudo ita da mijinta sa'ad da mulki ya juya a ƙasarsu, da yaro ɗan shekara uku a goye. Yawancin mutanensu Ɗa'ifa suka haura don neman sanyi. Mijin ya tsaya Jidda yana gyaran keken ɗinki, har Allah ya yi masa rasuwa kafin mu tare a gidan.

Hajiya nake ce mata, ita kuma ta ce mini binti, wato 'yata. Larabcinta bai fi cikin cokali ba, amma yana isar mu. Ɗan kuwa ya yi makaranta a nan, yana aikin buga takardu a wani ofis. Idan ya buɗe baki kana bayan ƙofa, sai ka rantse ɗan Balad ne, tsohuwar unguwar Jidda. Ubansa ne ya hana a yi masa Sinanci tun yana ƙarami, wai don kada bakinsa ya karkace ya rasa aiki. Abin da ya rage masa bai wuce zo, ci, kwanta ba.

Sau ɗaya a shekara, cikin watan Sha'aban, Hajiya takan rufe ƙofarta tun da safe. Sai ƙamshin mai ya sauko ta matakala. Wajen azahar ta sauko da faranti, ta yi wanka ta sa fararen kaya, ta miƙo mini wani abu na alkama, faffaɗa, soyayye, da tsaga biyu a tsakiya. Sunan da take kiransa bai taɓa zama a bakina ba, ni funkaso na sa masa. Ranar farko na ɗauka zan gatsa, ta buge mini hannu kamar ta kama yaro yana sata. Ta nuna mini a yi bisimilla, a yaga da hannu, sannan a ci. Na yi yadda ta ce. Shekara shida ina cin funkason nan ban taɓa tambayar dalili ba. Ni dai baki na kai, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

A shekara ta bakwai, farkon Sha'aban, ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita bayan kwana huɗu, likita ya ce a yi ta addu'a. Ciwon bai tsaya a jiki ba. Ɗan Larabcin nan da ta tara a shekara ashirin, duk ya share shi tas. Ta koma ba ta jin kowa, kuma ba wanda ke jin ta.

Magana kam tana yi. Magana ɗaya ce take ta maimaitawa, gajera, tana kallon ɗanta. Sai ta ɗaga hannun hagu ta dinga shafa cinyarta tana zagayawa, tana ɗan bubbugawa. Muka ce yunwa ce, aka kawo romon shurba, ta kawar da kai. Muka ce ƙafar ke ciwo, na murza mata man zaitun, ta ture hannuna. Ɗan ya sauko ya tsaya a ƙofata idonsa jawur.

"Ya ukhti, esh tibga? Me take so? Wallahi ban gane ba."

Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na ce masa, "Uwarka ce fa. Ita ta goya ka tun daga bangon duniya, yau ka zo kana tambayar Bahaushiya abin da take faɗa?" Ya sunkuyar da kai ya koma sama. Daga baya na ji zafin abin da na faɗa, amma magana zarar bunu ce.

Ya riga ya ba wani direba saƙo zuwa Ɗa'ifa, wurin wani dattijo abokin ubansa, amma shiru. Ita kuma kullum ƙara ramewa take. Tsoro ɗaya ya kama ni, kada matar nan ta mutu da magana a baki, a cikin gari cike da mutane. Sai na tuna maigidana yana dako a tashar jiragen ruwa, kuma jiragen gabas sun fara shigowa da masu umrar azumi.

Na ce, "Malam, ba ka ce akwai Sinawa masu girki a jiragen nan ba? Ka samo mana ɗaya."

Ya ce, "Kin tabbata bakinsu ɗaya?"

Na ce, "Haba Malam, Basine ai Basine ne. Yalla, ka dai kawo shi."

Washegari da la'asar sai ga shi da wani mutum gajere mai fara'a, ya sa rigarsa mafi kyau, har da lemu a jakar takarda don gaida mara lafiya. Da Hajiya ta ga fuskarsa sai idonta ya buɗe, ta yunƙura za ta tashi. Ban taɓa ganin murna irin wannan a fuskar mutum ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta saurara, ta amsa da nata. Ya karkata kai, ya sake magana a hankali, ita ma ta sake. Ina tsaye ina kallon murnar tana zurarewa daga fuskarta kaɗan kaɗan.

Mutumin ya juyo ya yi wa maigidana bayani da guntun Larabcinsa. Shi mutumin kudu ne, kakanninsa ma sun daɗe da barin ƙasar suna zaune a wani tsibiri. Ya ce ko a jirginsu Sinawa kashi uku ne, kowane da bakinsa, idan magana ta cije musu sai su koma rubutu, don rubutun ɗaya ne. Ya ciro fensir ya zana mata waɗansu alamu masu kama da ƙananan tagogi. Ta kalli takardar, ta juya fuska bango. Ba ta taɓa koyon wannan rubutun ba. Bawan Allah ya ajiye lemunsa, ya fita yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Laifin nawa ne. Ni da nake jin haushi idan Balarabe ya haɗa mu da Barebari da Zabarmawa ya ce duk Takari ne, ga shi na yi wa wata abin da na ƙi a yi mini.

Kwana biyu tana kwance, fuskarta a bango. A rana ta uku ina share ɗakin, ta dinga nuna mini jakar Alƙur'aninta da ke rataye. Na sauko da ita. A bayan bangon littafin akwai wata takarda a ninke, ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Ɗan ya leƙa ya ce ya san ta, harufan Larabci ne amma babu kalmar Larabci ko ɗaya, shi ya ɗauka laya ce, ya ma fi son kada a taɓa.

Ni kuwa ina gani na gane. Na san irin wannan. Haka wasiƙun da ake aiko wa mahaifina daga gida suke, harufan Alƙur'ani ɗauke da Hausa, da wasali a kan kowane harafi. Shi ya koya mini karanta ajami a kan tabarmarsa. Na ce wa ɗan, "Wannan ba laya ba ce. Bakin uwarka ne aka rubuta."

Na zauna a gefen gadon na fara haɗa baƙi da wasali, ina furtawa ba tare da na san ko me nake cewa ba. Layin farko ba ta motsa ba. A na biyu ta juyo. A na uku sai ta yi wani sauti, na ɗauka shaƙewa ta yi, ashe dariya ce da rabin baki. Ta maimaita kalmar da na faɗa, amma ta ɗaga ta sama a ƙarshe. Na bi ta. Kunnen Bahaushe ya saba da hawa da saukar murya, saboda haka ban sha wuya sosai ba. Ta kama hannuna ta matse, ta nuna farkon takardar. Wato in sake.

Kwana goma sha ɗaya ina hawa sama bayan la'asar ina karanta mata. Har na iya wasu layukan da ka, ina rera su da fara'a kamar mai yi wa jariri wasa. Ɗan yakan tsaya a bakin ƙofa. Na ce ya zo ya karɓa, ai ya fi ni iya harufan, ya ce kunya yake ji ta ji yadda bakinsa ya koma. Duk ranar da na kai ƙarshen takardar, sai ta sake waccan gajeriyar maganar, ta shafa cinya tana zagayawa. Ni kuma in ce mata, "Sannu Hajiya, Allah ya ba ki lafiya," in gyara mata matashi. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, saura kwana biyu a ga watan azumi.

Dattijon Ɗa'ifa ya iso a rana ta uku ta zaman makoki. Shi ma jinya ya yi, saƙon ya same shi a kwance. Da mutane suka ragu, na roƙi ɗan ya shigo da shi tsakar gida. Na tsaya bayan labule na karanta masa takardar yadda Hajiya ta gyara mini. Ban kai rabi ba na ji tsohon yana jan hanci.

Ya ce, "Ya binti, wa ya koya miki? Kina magana kamar yarinyar ƙauyensu 'yar shekara biyu."

Na ce, "Baba, me takardar ta ce?"

Ya ce wasiƙa ce daga yayar Hajiya, wani alhaji ya kawo tun kafin a rufe musu hanyar hajji. Tana sanar da ita cewa mahaifiyarsu ta rasu cikin Sha'aban, tana kiran sunanta har numfashin ƙarshe. A ƙarshen wasiƙar yayar ta ce su can an hana su komai, ita da take kusa da Ɗakin Allah kada ta bar ranar ta wuce ba ta soya wa tsohuwa sadaka ba.

Na zauna a ƙasa. Kwana goma sha ɗaya ina rera wa mace labarin mutuwar uwarta ina washe baki, ita kuma tana matse hannuna in sake, don ba ta da wata takardar da ke magana da bakinta. Na daure na faɗa masa gajeriyar maganar, don ta riga ta zauna a kaina, na kuma kwatanta masa hannun. Ya ce, "Cewa take, ranar ta zo, a ɗora mai. Hannun kuma ƙullu take faɗaɗawa." Ya ce a wurinsu ba a soya wannan abin don marmari. Sai an yi wanka, an yi niyya da sunan mamaci, kuma ba a gatsa shi. Da suka zo nan suka ji ana cewa bidi'a ce, sai kowa ya koma yi a ɓoye, har 'ya'yansu ba su san dalili ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan ma. Haka mahaifiyata take soya waina ranar da mahaifina ya cika shekara da rasuwa, ta rufe ƙofa, ta aika wa maƙwabta ba tare da ta ce komai ba. Amsar tana cikin gidanmu tun ina yarinya, ban gane ta ba da ta zo a hannun Basiniya. Ɗan kuwa ya kifa kai a gwiwa yana kuka irin na yara, ba wanda ya hana shi.

Ranar arba'in ɗinta na yi wanka, na kwaɓa alkama yadda dattijon ya kwatanta, na soya. Bai yi kyan nata ba. Na yi niyya biyu, ita da uwarta, tunda bashin rana ɗaya ya wuce mu. Ɗan ya sauko ya yi bisimilla ya yaga da hannu.

'Yata tana zaune kusa da murhu, lokacin tana aji uku. Na miƙa mata nata, na yi mata bayanin komai da Hausa, tiryan-tiryan, har da abin da nake so ta yi mini idan tawa ta zo. Ta saurara da kyau, ta gane duka, na ga haka a idonta. Na ce, "To, faɗa mini abin da na ce, da bakin kakanki."

Ta buɗe baki, Hausar ta ƙi fitowa. Ta kalli funkason da ke hannunta, ta yaga shi biyu yadda ta ga an yi, sannan ta ce da Larabci, "Tayyib, ya ummi."